Tashin fitsarin dare: gyaran ci da sha, ƙwaya, ko tiyata?

Magidancin da ya ba hamsin baya, in ya tashi fitsari sau ɗaya tsakanin Isha'i da Asuba, ba abin tayar da hankali ba ne. Daga sau biyu zuwa sama ne mutum ke fara ji a jikinsa. Barcin awa uku zuwa huɗu na farkon dare shi ne mai nauyi, shi ke warware gajiya, kuma shi fitsarin ke fara yankewa. Sai a wayi gari kai ya yi nauyi, ana gyangyaɗi a shago, ko abin da ya fi muni, a kan sitiyari tsakanin Gombe da Alkaleri. Ga dattijo kuwa haɗarin ya wuce rashin barci. Ya tashi cikin magagi, ba wuta, ga dakali, ga tsakar gida mai tudu da kwari kafin a kai bayan gida. A nan ake faɗuwa a karya ƙugu. A ƙauyukan Kaltungo da Billiri da Balanga akwai ƙarin abin tsoro, domin da dare kububuwa ke fitowa.

Da zarar abin ya dami mutum, shawara takan zo ta ko'ina. A majalisa a ce sanyi ne, a nemo jiƙo. A kemis a ce furostet ne, wato ƙullin naman da ke ƙasan mafitsarar namiji, a miƙo ƙwayar tamsulosin. Wani ɗan'uwa da aka yi wa aiki ya ce a je a cire abin a huta. A gida kuma a ce a rage shan ruwa. Yawancin hanyoyin nan akwai wanda suke yi wa amfani, akwai kuma wanda za su cinye wa kuɗi da lokaci, har su cutar da shi. Tambaya ɗaya ce ke raba su: fitsarin da ke tashinka mai yawa ne, ko ɗan kaɗan ne da ya zo da matsi? Na farko daga ƙoda yake, ta tace ruwa fiye da kima cikin dare. Na biyu daga mafitsara yake ko ƙofarta. Ƙwayar da ke buɗe ƙofa ba ta rage ruwan da ke gangarowa daga sama.

Awon kwana uku

Ba a amsa wannan tambaya da ka, don mai magagi ba ya riƙe lissafi. Ana amsa ta da jog na roba mai lamba a jiki. In babu, a yanke kan gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, a sayi sirinji mai cin mililita 20 a kemis, a riƙa zuba ruwa sau biyar ana jan layi. Kowane layi mililita 100 ke nan. Kwana uku, dare da rana, duk fitsarin da aka yi a auna shi, a rubuta lokaci da yawansa. A gefen takardar a rubuta abin da aka sha. Ledar fiya wata mililita 500 ce, kofin shayi da kwanon fura kuwa a auna su sau ɗaya a san abin da suke ci. A rubuta lokacin kwanciya da na tashi.

Inda ake yawan kuskure shi ne lissafin na dare. Fitsarin da ka yi dab da kwanciya na rana ne, ba ya ciki. Wanda ka yi da ka tashi sallar Asuba yana ciki, domin cikin dare ƙoda ta tace shi. Kada a yi awon cikin azumi, ko ranar tafiya, ko lokacin zazzaɓi.

A ɗauki misalin maza uku, kowannensu yana tashi sau uku. Na farko jimlar fitsarinsa na awa 24 mililita 2,000 ce, amma 1,200 daga ciki na dare ne, kowane tashi yana zubar da kamar 300. Mafitsararsa tana riƙewa daidai gwargwado, ruwan ne ya yi mata yawa. Ƙa'idar likitoci ita ce in na dare ya wuce kashi ɗaya cikin uku na jimlar a jikin dattijo, ko ɗaya cikin biyar a jikin matashi, to ƙoda ce ke aikin dare. Mafi yawan dattawan da ke wannan kuka suna da wannan nau'in, ko shi kaɗai ko haɗe da na biyu.

Na biyu jimlarsa 1,500, na dare 400 kacal, kowane tashi 100, kuma ko da rana bai taɓa tara fiye da 150 ba, alhali mafitsara mai lafiya tana ɗaukar 400 zuwa 500. Wannan ko dai mafitsarar ce ke saurin matsawa, ko ba ta zubar da komai in ya je, sai ta sake cika da wuri.

Na uku jimlarsa 4,000, yana fitsari dare da rana, ƙishirwa ba ta barinsa. Iyakar da ake dubawa ita ce mililita 40 a kan kowane kilo na nauyin jiki, wato 2,800 ga mai kilo 70. Wannan kada ya sayi komai sai ya auna suga da safe kafin karin kumallo. In ya kai 7.0, ko 126 a ɗaya ma'aunin, ciwon suga ne, kuma daidaita sugan ne zai rage fitsarin.

Akwai kuma wanda ba fitsarin ke tashinsa ba. Zafi ne, ko sauro, ko ciwon gwiwa, ko tunanin bashi, sai in ya farka ya ce bari ya zaga. Takardarsa za ta nuna ɗan kaɗan da dare, ba matsi, amma da rana yana tara 400 lafiya lau. Barcinsa za a gyara.

Da wannan takarda ake zuwa asibiti. Gwajin fitsari, suga, ƙoda da hawan jini ana yinsu a manyan asibitoci irin na Bajoga da Kaltungo. Hoton ciki zai nuna girman furostet da fitsarin da ya rage bayan an gama. Ganin likitan mafitsara kuwa sai a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ko na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ga wanda Bauchi ta fi masa kusa.

Hanyar da ba a biyan ko sisi

Ga mai nau'in farko, gyaran ci da sha ya fi kowace ƙwayar furostet aiki, kuma ana ganin bambanci cikin mako ɗaya zuwa biyu. Sai dai yadda mutane ke yinsa ne ke da gyara.

Ba rage ruwa ake nufi ba, lokacinsa ake matsarwa. A sha mafi yawa daga safe zuwa La'asar, a rage bayan Magariba, sannan awa biyu zuwa uku kafin kwanciya sai kurɓi na haɗiye magani. Wanda ya yanke ruwa gaba ɗaya a zafin Maris da Afrilu na Gombe, fitsarinsa zai yi kauri ya yi ja, ya riƙa zuga mafitsara, matsin ya ƙaru. Bayan gida zai yi tauri ya danne hanyar fitsari, ga kuma tsakuwar ƙoda tana jira. Lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini shi ne ƙaranci, da bazara kuwa fiye da haka. A kuma tuna kankana, lemo, kunu, koko da fura da nono duk ruwa ne. Kwanon fura bayan Isha'i yana iya zama shi kaɗai tashin ƙarfe biyu.

Shayi da goro suna da laifi biyu: sinadarin da ke cikinsu yana ƙara fitsari yana kuma sa mafitsara saurin matsawa, sannan yana sa barci ya yi sama-sama, ta yadda ɗan matsi kaɗan zai farkar da mutum. Jiki kan ɗauki kamar awa biyar kafin ya kawar da rabinsa. Saboda haka goron La'asar yana nan a jini har tsakar dare, balle shayin teburin mai shayi na ƙarfe tara. Nescafe, lemon kwalba baƙi da lemon ƙara kuzari duk jirgi ɗaya ya ɗauko su. Ba sai an bari ba, a mayar da su hantsi. Giya ma tana hana ƙoda riƙe ruwa.

Gishiri shi ne abin da aka fi mantawa. Gishirin da ƙoda ba ta gama fitarwa da rana ba, cikin dare take fitar da shi, kuma ba ya fita sai da ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da na cikin dunƙulen miya, yaji, tsire, kilishi, kayan ɗanɗanon taliyar leda da kanwa. Tunda a gidajenmu tuwon dare ne babban abinci, wannan gyara ba ya yiwuwa sai da uwargida. A nuna mata takardar awon, a roƙe ta ta rage dunƙule a miyar dare, a kuma ɗauke kwanon yaji daga gefen tabarma.

Sai ƙafa. Da yamma ka danna babban yatsa a kan ƙashin ƙaurinka na daƙiƙa biyar. In ya bar rami, ruwa ne ya taru. Tela, direban dogon zango, ɗan kasuwar da ke wuni a zaune ƙafa a ƙasa, duk suna tara shi. Da zarar an kwanta, ruwan ya koma jini, ƙoda ta mayar da shi fitsari, daidai lokacin da ake son barci. Dabarar ita ce a sa shi ya koma tun da rana: bayan La'asar a kishingiɗa minti 45 zuwa awa ɗaya, ƙafafu a kan filo biyu sun ɗara ƙirji. Ba barcin La'asar aka ce ba, ana iya lazimi ko sauraron rediyo. Tattaki na minti 20 zuwa 30 kafin Magariba yana taimakawa. Safa mai matse ƙauri, wadda ake sawa da safe a cire da dare, tana aiki, amma mai ciwon suga ko wanda jini ba ya isa ƙafarsa sosai kada ya sa sai likita ya duba. In kumburin ya zo da haki, ko mutum ba ya iya kwanciya sai an tokare shi da filo, to zuciya za a duba, ba da jinkiri ba.

Magungunan da ake sha ma a zube su gaban likita. Furosemide, maganin fitar da ruwa ta fitsari wanda aka fi sani da Lasix, aikinsa kamar awa shida ne. In an sha da dare an kashe barci. In an sha da sassafe ya gama aiki tun azahar, ruwa ya sake taruwa a ƙafa. Ga mai tashin dare, likita kan mayar da shi wajen La'asar, awa shida kafin kwanciya. Hydrochlorothiazide da Moduretic, magungunan hawan jini masu sa fitsari, na safe ne. Amlodipine, shi ma na hawan jini, yana kumbura ƙafa ga wasu, akwai kuma abin da za a musanya shi da shi. Diclofenac da ibuprofen da ake sha kullum don ciwon jiki suna riƙe gishiri da ruwa, suna kuma lahanta ƙoda. Abin da ba a yi shi ne mutum ya ajiye maganin hawan jini da kansa don yana sa shi fitsari. Shanyewar ɓarin jiki ta fi tashin dare muni nesa ba kusa ba.

Watan azumi nasa lissafin daban ne. Duk ruwan yini ya koma tsakanin buɗa-baki da sahur, dole fitsarin dare ya ƙaru, kuma wannan ba ciwo ba ne. Abin da ke sauƙaƙawa shi ne a sha kaso mai yawa daga buɗa-baki zuwa Isha'i, a tsagaita bayan asham, a cike da sahur. Da hunturu ma yakan ƙaru, tunda ba a zufa. Bargo da safa suna ragewa.

Minshari na da nasa hannun, kuma mai ɗaki ce shaidarsa. In ta ce numfashinka na tsayawa cikin barci sannan ka farka da shaƙewa, wannan kokawar da ƙirji ke yi tana sa zuciya ta saki wani sinadari da ke umurtar ƙoda ta zubar da gishiri da ruwa. Mai ƙiba, mai kaurin wuya, mai hawan jinin da ya ƙi jin magani, mai gyangyaɗin rana, shi ake zargi da wannan. Rage nauyi da kwanciya ta gefe suna taimakawa. Mai tsanani sai na'urar hura iska ta hanci, wadda ke buƙatar wuta duk dare, don haka a yi lissafin batir ko sola kafin a saya.

Tamsulosin ko finasteride

Furostet ɗan ƙullin nama ne a ƙasan mafitsara, girman ƙaramin goro a jikin saurayi, kamar giram 20, kuma hanyar fitsari ta tsakiyarsa ta ratsa. Yana girma da shekaru. Alamar cewa ya fara matse hanya ita ce a tsuguna a jira kafin fitsari ya zo, ya zo ba ƙarfi, yana yankewa, a yi nishi, a gama yana ɗiga, a tashi ana jin saura. Wanda ke da waɗannan alamu shi ne mai amfana da ƙwayoyin furostet.

Tamsulosin, miligiram 0.4 sau ɗaya a rana bayan cin abinci, yana sassauta naman da ke wuyan mafitsara. Aikinsa na da sauri, cikin kwanaki zuwa mako biyu a ji fitsari ya ƙara ƙarfi. Ba ya rage girman furostet, kuma ranar da aka daina alamun sukan dawo. A kan tashin dare kansa kada a sa rai da yawa: a matsakaicin lissafi ba ya kai rage tashi ɗaya cikakke. Illarsa jiri ne in an miƙe da sauri, abin da ya fi haɗari ga mai tashi cikin duhu, don haka a zauna bakin gado minti ɗaya kafin a miƙe. Yana rage maniyyi ga wasu. Wanda za a cire wa yanar ido lallai ya gaya wa likitan ido yana sha, ko ya taɓa sha, domin yana sa aikin ya yi wuya. Doxazosin ɗan'uwansa ne, ya fi shi saukar da jini, ana farawa da miligiram 1 lokacin kwanciya. Haɗa waɗannan da Viagra ko kayan ƙarfin maza na kan titi yana iya saukar da jinin mutum ƙasa sosai ya yanke jiki ya faɗi.

Finasteride miligiram 5, ko dutasteride miligiram 0.5, hanyarsu daban. Suna ƙanƙantar da furostet da kamar kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar, amma sai an yi wata shida zuwa shekara. Amfaninsu ga wanda hoto ya nuna furostet ɗinsa ya kai giram 40 ko fiye. Ga ƙarami ɓarnar kuɗi ne. Abin da suka fi tamsulosin da shi shi ne suna rage yiwuwar toshewar fitsari da kaiwa ga tiyata da kusan rabi. Suna rage sha'awa da ƙarfin gaba ga wasu, abin da ya kamata a faɗa wa mai iyali tun farko. Mai juna biyu kada ta taɓa fasasshiyar ƙwayar. Kuma suna raba sakamakon PSA biyu, wato gwajin jinin da ake neman alamar sankarar furostet da shi, saboda haka a yi gwajin kafin a fara, a riƙa tuna wa likita daga baya, don kada sankara ta ɓuya a bayan lamba mai kyau. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sha wata ɗaya, a ga ba canji, a watsar. Mai babban furostet da alamu masu tsanani akan haɗa masa biyun: tamsulosin don sauƙin yanzu, finasteride don kariyar gaba. Wanda kuma ya haɗa alamun da raunin gaba, akwai tadalafil miligiram 5 kullum, amma haramun ne ga mai shan maganin ciwon ƙirji irin su isosorbide.

Tunda zancen PSA ya zo: sankarar furostet ita ce ta fi kowace sankara kama maza a Najeriya, kuma da farko ba ta nuna alama. Daga shekara 45 ya kamata a tattauna gwajin da likita, musamman in mahaifi ko ɗan'uwa ya yi ta. Lamba sama da 4 ba hukunci ba ne, ciwon mafitsara da robar fitsari ma suna ɗaga ta. Duban yatsa ta dubura da maza ke gudu bai kai minti ɗaya ba.

In mafitsarar ce mai gaggawa

Wanda fitsarinsa ke fita da ƙarfi amma matsin ke zuwa kwatsam, har wani lokaci ya ɗiga kafin ya kai, ga tsarki ya zama abin damuwa, maganinsa solifenacin miligiram 5, ko tolterodine, ko oxybutynin. Sharaɗinsu a fara auna fitsarin da ke saura bayan an gama. In ya wuce mililita 150, suna iya toshe mutum gaba ɗaya. Suna busar da baki, suna taurara bayan gida, suna rage zufa, wanda ba ƙaramin abu ba ne da bazara. Oxybutynin ya fi araha amma ya fi rikita tunanin tsofaffi, ba a son sa ga wanda ya manyanta. Mai wani nau'in hawan jinin ido ba ya shan su. Mirabegron ba ya busar da baki, ya fi tsada, yana kuma iya ɗaga jini, don haka ba a ba wanda hawan jininsa ya yi tsanani bai daidaita ba.

Desmopressin shi ne maganin da ke nufar nau'in farko kai tsaye: yana sa ƙoda ta riƙe ruwa na wasu awoyi. Yana aiki sosai, amma shi ya fi duka haɗari. In an sha ruwa a kansa, gishirin jini na iya faɗuwa, a fara da ciwon kai da tashin zuciya, a kai ga ruɗewa da farfaɗiya. Ana auna sodiyam, wato gishirin jinin, kafin a fara, cikin makon farko, da bayan wata ɗaya, kuma ba a son ya sauka ƙasa da 135. Ana daina shan ruwa awa ɗaya kafin a sha shi har awa takwas bayansa, abin da ba ya haɗuwa da daren azumi. Mai raunin zuciya, mai ciwon ƙoda da mai shan furosemide ba sa shan sa, kuma likitocin tsofaffi a Amurka sun sa shi cikin abin da ake kauce wa ga wanda ya kai 65. Wanda ba zai iya zuwa gwajin jini sau uku ba, ya bar wannan hanya.

Tiyata

Ana yinta iri biyu a nan. Furostet mai giram 30 zuwa 80 ana kankare cikinsa ta hanyar fitsari ba tare da yanka ba, aikin da likitoci ke kira TURP, a cire roba bayan kwana ɗaya zuwa uku. Wanda ya wuce 80 galibi sai an buɗe mara, zubar jini ya fi yawa, kwanciya da roba sun fi daɗewa. Ba abin da ya kai tiyata buɗe hanya. Tana zama dole in fitsari ya toshe ya sake toshewa, ko tsakuwa ta taru a mafitsara, ko ciwon mafitsara ya ƙi ƙarewa, ko furostet na zubar da jini, ko fitsari ya koma baya ya fara taɓa ƙoda. A nan jinkiri asarar ƙoda ce.

Amma a cikin duk alamun furostet, tashin dare ne ya fi ƙin jin tiyata. Mai nau'in farko in an yi masa aiki, fitsarinsa zai fita da ƙarfi kamar na saurayi, ya kuma ci gaba da tashi sau uku, domin mililita 1,200 ɗin nan suna nan. Abu na biyu da ya kamata a sani kafin a sa hannu: kamar biyu cikin uku na waɗanda aka yi wa aikin, maniyyinsu kan koma mafitsara maimakon ya fito. Galibi ƙarfin gaba yana nan, amma haihuwa kan yi wuya. Mai amarya ko mai sauran burin 'ya'ya ya faɗa wa likita ƙarara.

Ɗan shekara talatin ko arba'in da fitsarinsa ya sirance, da wuya a ce furostet ne. An fi zargin tsukewar hanyar fitsari, daga ciwon sanyin da ba a warkar da kyau ba, ko rauni, ko robar da aka taɓa sa masa. Tamsulosin ba ya buɗe tabo, sai aiki. Wanda ya tashi yana wanka ko kamun kifi a Dadin Kowa ko dam ɗin Balanga, a duba fitsarinsa don ƙwan tsargiya. Praziquantel, miligiram 40 a kan kowane kilo, yana kashe tsutsar, amma tsohuwar tsargiya kan bar mafitsara a ƙanƙance, tana kuma iya jawo sankara.

Jiƙon sanyi da ake tallarsa da lasifika ba a san abin da ke ciki ba, ba a san yawansa ba, kuma ƙoda ce ke karɓar duk abin da aka sha. Ƙwayoyin furostet masu tsada da ake shigowa da su galibi ganyen saw palmetto ne, wanda manyan gwaje-gwaje biyu a Amurka, a 2006 da 2011, suka nuna bai fi ƙwayar da ba magani a cikinta ba. Ciprofloxacin da Ampiclox ba su da aiki sai gwaji ya nuna ƙwayar cuta. Mai babban furostet ya yi hattara da maganin mura mai chlorpheniramine ko pseudoephedrine, da kuma tramadol, domin dare ɗaya suna iya rufe masa fitsari.

Akwai alamun da ba a tsayawa awon kwana uku a kansu: jini a fitsari ko sau ɗaya ne, kasa fitsari mara ta kumbura, zazzaɓi da ciwon kwiɓi, ciwon ƙashin baya da rama, ƙafafu su rasa ƙarfi, ko babba ya fara fitsarin kwance. Wannan na ƙarshe yakan nuna mafitsara ta cika ta tumbatsa ba tare da ciwo ba, ƙoda kuma tana cikin haɗari.

Kowace hanya aka ɗauka, kafin ta fara aiki a gyara daren kansa. Kafin kwanciya a yi fitsari, a jira minti ɗaya ko biyu, a sake gwadawa. Dattijon da bayan gida ke masa nisa a ajiye masa gora mai faɗin baki da murfi a cikin bokiti kusa da gado, da buta da tocila, a zubar da safe a wanke da sabulu. Takalmi ya kasance a bakin gado, a kawar da tabarma da kujera daga hanya.

Sannan a sake awon kwana ukun. Gyaran ci da sha ana duba shi bayan mako biyu, tamsulosin da magungunan mafitsara bayan mako huɗu zuwa shida, finasteride bayan wata shida. In fitsari ya ƙara ƙarfi amma na dare har yanzu ya wuce kashi ɗaya cikin uku, kada a ƙara ƙwayar furostet. A koma kan ƙafa, gishiri, minshari da lokacin shan magani, a kai wa likita takardun biyu, tsohuwa da sabuwa.